Yadda Na Sayi Keken Gwanjo a Legas, Daga Agege Har Ojo

Tun da na fara zuwa shago a kan keke mutane ke tare ni da tambaya, a masallaci, a teburin mai shayi, har a waya, nawa ka saya, a ina, sabo ne ko gwanjo, wai ba ka tsoron direbobin danfo, wato motocin hayar Legas? Shi ya sa nace bari in zauna in rubuta komai tiryan-tiryan yadda ya faru, saboda na sha ruɗani ba kaɗan ba kafin in kai ga wannan keken, kuma da na samu wanda ya yi min irin wannan bayanin da na rage yawo da asarar kuɗin mota.

Ina zaune a Agege, ina aiki a wani shagon kayan waya a Ikeja. Tafiyar ba wata mai nisa ba ce, amma duk wanda ya san gosulon safe a wannan hanyar ya san sai ka share awa guda a mota kana kallon masu tafiya a ƙasa suna wuce ka. Da can acaba muke hawa, sai gwamnatin jihar Legas ta Sanwo-Olu ta hana shi kwata-kwata a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, Ikeja na ciki, da Surulere da Apapa da Eti-Osa da Lagos Island da Mainland. Ana cikin haka ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, daga nan ta yi ta hawa har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Kuɗin mota ya zama shi ke cinye albashi. Jirgin ƙasa na Red Line ya fara aiki, yana tsayawa a Agege da Ikeja, amma lokutansa ba su zo daidai da lokacin buɗe shagonmu ba. To da aka ce ni ne da kwasar adashi, naira 250,000, sai nace wannan kuɗin na keke ne.

Waɗanda na fara samu wasu 'yan uwa ne da ke fita motsa jiki da keke ranar Lahadi bayan asuba lokacin titi ba kowa, akwai na Agege, na Ogba, har da masu tasowa daga Mile 12 da Idi-Araba, sukan haɗu su zaga ta Alausa su dawo su zauna shan shayi. Nan na kawo maganata, wallahi kafin in rufe baki an rabu gida uku. Wasu suka ce keken tsere kawai, mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, shi ne keke sauran duk wahala ce. Wasu suka ce a titin Legas mai ramuka ba abin da zai jure sai mauntin mai ƙatuwar taya. Mutum ɗaya ne, wani yayanmu mai ɗan shekaru, yace in nemi wanda ake kira haibirid, wato tsaka-tsaki, tayarsa ba siririya can ba kuma ba ƙatuwa ba, kansa miƙaƙƙe, kana zaune kana ganin gabanka. Sai suka shiga kiran sunaye, wannan yace Tiagra, wancan yace Deore, ni dai ina zaune ban gane ko ɗaya ba. Daga baya yayan nan ya ja ni gefe ya warware min: duk sunayen kayan giyar keke ne na kamfanin Shimano na Japan, kuma hawa-hawa ne. A ɓangaren mauntin da haibirid Tourney ne a ƙasa, sai Altus, Acera, Alivio, sannan Deore. A ɓangaren tsere Claris mai giya 8 a baya, Sora mai 9, Tiagra mai 10, sai 105 zuwa sama inda kuɗi ke magana. A wannan hirar ne ma wani ya kawo labarin Ese Ukpeseraye da ta wakilci Najeriya a gasar Olympics ta Paris a 2024, wadda sai da tawagar Jamus ta ara mata keke kafin ta shiga tseren cikin fili, yace in kwantar da hankalina, harkar keken tsere ba ta da ƙarshe.

Daga nan na koma waya, na yi ta duba tallace-tallace a intanet har ido ya gaji. Amfanin da na samu shi ne na san farashi, na gane haibirid na gwanjo mai suna ba ya samuwa a kuɗin da ake saida na yara. Akwai wani da ya sa hoton keke mai kyau sosai a farashin da bai kai rabin na sauran ba, na kira shi yace yana wani gari amma in tura 20,000 kafin alƙalami zai sa min a mota. Na sake kallon hoton da kyau, gidan da ke bayan keken da irin ciyawar da ke wurin ba na ƙasar nan ba ne. Nace ya ɗauki bidiyon keken yana faɗin sunana, tun daga nan bai sake ɗaga wayata ba. Keken da ba ka taɓa da hannunka ba, ba ka hau ba, kar ka tura ko sisi.

Sai nace bari in ga sababbi. Na tashi wata safiya na nufi Idumota, ta Oshodi, na sha matsi a cikin kasuwa kafin in samu masu kekuna. Gaskiya in ka ga kayan sai ranka ya biya, fenti yana ƙyalli, sifirin gaba da baya, birkin faifai, ga rubutu ɓaro-ɓaro a jiki, wajen 170,000 aka ce min. Da na ɗaga ɗaya na ji nauyi, nan take na tuna a hawa na biyu nake kwana kuma kullum sai na hau da shi bene. Na duƙa na duba mai canza giyar baya, ƙarfen siriri ne ana iya lanƙwasa shi da hannu, sunan Shimano kuma sitika ce kawai a jikin bodi. Mai shagon bai ɓoye min ba, da na gaya masa kullum zan riƙa hawa zuwa aiki yace irin wannan an fi saya wa yara masu zagaya unguwa da yamma. A gefe kuma ga baƙaƙen nan irin Phoenix na Sin da Hero na Indiya, ƙirar Raleigh ɗin da iyayenmu suka hau, waɗannan ina girmama su don za su ɗauki buhu ba su ce komai ba kuma kowane mai gyara ya san cikinsu. Amma giyarsu ɗaya ce, ni kuma ina tunanin hawan gadar Pen Cinema da rana tsaka. Haka na dawo gida hannu rabbana, kuɗin mota ya tafi.

Inda al'amari ya fara daidaita shi ne da aka haɗa ni da wani dattijo mai gyaran keke da baro a nan Agege, ɗan arewa ne, ya daɗe a Legas tun kafin a haife ni. Na gaishe shi na faɗi abin da ke tafe da ni, bai tambaye ni ko nawa gare ni ba, cewa ya yi in miƙe tsaye. Ya jawo wani keke da aka kawo gyara yace in tsallaka in tsaya da ƙafa biyu a ƙasa, sandar sama tana tsakanin ƙafafuna. Yace "ɗana, in babu tazarar yatsu biyu ko uku tsakaninka da wannan ƙarfen, keken ya fi ƙarfinka, ranar da danfo ya taka birki a gabanka za ka gane." Sannan ya sa na zauna a sirdi na ɗora dunduniya a feda tana can ƙasa, yace a haka ƙafa za ta miƙe sak, in ka dawo da gaban ƙafa kan fedar sai gwiwa ta ɗan lanƙwasa, wannan shi ne tsayin sirdinka. Tsawona wajen santimita 172 ne, yace in nemi wanda aka rubuta M a jiki, wato matsakaicin girma. Nace Baba ko za ka raka ni kasuwa? Yace zai rufe wurin aikinsa na yini guda kenan, muka daidaita a 10,000, mota da abinci a kaina. A duk kuɗin da na kashe a wannan harka babu wanda ya yi min amfani kamar wannan, da ɗan gari akan ci gari.

Mun tashi bayan asuba a ranar aiki, muka bi ta Iyana Ipaja, Igando, muka sauka Iyana Iba, daga nan muka ƙarasa wani sito a yankin Ojo inda Baba ya san ana sauke kekunan kwantena. Mun iso da wuri mai wurin bai zo ba, muka zauna a benci muna jira rana tana ɗagawa, dillalai sai zagaya mu suke, wannan yace yana da lamba ɗaya a bayan layi, wancan yace kayan nan duk an zaɓe masu kyau jiya. Baba yace kar in tanka wa kowa kuma kar in nuna wanda ya burge ni. Sai wajen ƙarfe goma da rabi aka buɗe. Ciki duhu da ƙura, kekuna jingine a kan juna layi-layi, an cire fedoji an karkatar da kawuna yadda aka loda su a kwantena, akwai na Turai, akwai na Japan masu kwando a gaba. Masu sari da yawa su ake fara bari su zaɓa, mu masu ɗaya sai da suka gama.

A nan na ga aiki. Baba duba haƙoran giya yake kamar mai sayen ragon layya, in ya ga haƙoran sun yi tsini sun karkata gefe guda sai ya wuce ko kallo na biyu babu. Sarƙa kuma yakan kama ta a gaban babban faifan feda ya ja, in ta ɗago har ana ganin haske a ƙarƙashinta yace ta miƙe, ta gama aiki. Na hango wani keken tsere na kabon, mara nauyi, ana ɗaga shi da yatsu biyu, kuma kuɗin da suka faɗa bai kai yadda na zata ba, zuciyata ta tafi. Baba ya shafa jikinsa a hankali ya tsaya a kan wata sitika da ba ta yi kama da sauran ba, ya ɗan ɗaga gefenta da farce, sai ga tsaga a ƙasa. Yace ƙarfe in ya karye mai walda na bakin titi zai haɗa maka, aluminiyam sai ƙwararre kuma ba ya komawa kamar da, shi kuwa kabon in ya tsage ba ya sallama, rana ɗaya zai watse kana kai. Akwai wani na kamfanin Trek mai kyau amma L ne, wato babba, na tsallaka na ji ƙarfen ya taɓa ni, muka bar shi duk da mai wurin yana ta cewa a sauke sirdi kawai. Wani kuma fentinsa ya tattare a ƙasan wuya, bayan inda fok, wato ƙarfen da ke riƙe wilin gaba, ke shiga, Baba yace wannan ya taɓa yin karo gaba da gaba, ba zai sake tafiya a miƙe ba. Can ƙarshen layi muka jawo wani na kamfanin Giant ruwan toka, haibirid, bodin aluminiyam, M, giya 3 a gaba 8 a baya, Altus, birkin roba irin mai kama rim. Duk ya yi ƙura, tayoyin sun tsattsage don daɗewa a ajiye, ba wanda zai kalle shi sau biyu. Baba ya goge duk wuraren walda da tsumma ya haska da fitilar waya babu tsaga. Ya juya wili gaba da baya yana kallon tazarar rim da robar birki, rawar kaɗan ce ta gyaran sifok, wato siraran wayoyin wili. Ya kama wilin ya girgiza gefe da gefe ko boris ya yi sako-sako, ya riƙe birkin gaba ya tura keken gaba da baya ko wuya na ƙara, ya kwance sandar sirdi ya ga tana motsi ba ta kafe ba. Sannan ya fito da fedoji da famfo daga jakarsa, ashe da su ya taho, ya ɗaura ya ba da iska yace in hau in zagaya. Ban yi nisa ba na ji kamar don ni aka ƙera shi, amma na dawo na haɗe rai yadda aka ce min.

Ciniki da turancin buroka aka yi shi. Oga yace 230,000, Baba ya taya 140,000, mutumin ya yi kamar zai kore mu. Baba bai ɗaga murya ba, sai lissafa masa yake, tayoyi biyu sun mutu, sarƙa ta mutu, robar birki ta bushe, wayoyi sun yi tsatsa, babu feda. Muka yi kamar za mu tafi aka kira mu, aka yi ta ja har aka tsaya a 175,000. Wani dillali da ya biyo mu tun safe ya tsaya kai da fata sai an ba shi la'ada, don a rabu lafiya na ba shi 3,000, a bakin ƙofa kuma aka karɓi 500 kuɗin fitar da kaya. Sai maganar rasit, kuma nan nake so mutane su kula. Yaron shagon ya rubuta keke ɗaya da kuɗi ya miƙo min. Baba yace a'a, ya kifa keken, a ƙarƙashin inda sandar feda ke ratsawa akwai lamba da aka buga a jikin ƙarfe, ya sa aka rubuta ta a rasit tare da sunan kamfani, launi, kwanan wata, sunana, lambar wayar shago da hatimi. Na tura kuɗi ta waya, an cire a wurina amma alat bai shigo masa ba, yace keke ba ya fita sai ya gani. Wannan jiran ya fi kowanne tayar min da hankali, duk adashina yana rataye a iska. Muka je muka yi sallah wajen 'yan uwanmu na kasuwar Alaba Rago muka ci abinci, muna dawowa yace ya shigo. Dawowa gida kuma muka cire wilin gaba, na biya kujeru biyu a bayan danfo ban da namu, ina riƙe da shi har Agege don kar a danne mai canza giyar da kaya.

Washegari aka shiga gyara. Baba ya aike ni sayen taya, ya rubuta min 700x35 da kuma 622 a takarda yace kar in karɓi wadda ba ta da wannan lambar a gefe. Na je, mai kaya yace ai 28 kake nema, ya ɗauko min 28 x 1½. Na duba gefenta na ga 635. Ashe duka biyun 28 ake ce musu a kasuwa, amma mai 635 ta tsofaffin baƙaƙen kekuna ce, ta fi rim ɗina faɗi ba za ta taɓa zama ba, mai 622 ita ce 700c. Na mauntin 26 kuma lambarta 559. Sai a shago na gaba na samu, guda biyu 26,000. Tib uku 10,500 don ɗaya ya zauna a jaka. Bawul ɗin rim ɗina siriri ne, irin wanda ake kira Presta, bakin injin mai faci ba ya kama shi, don haka na sayi ɗan ƙaramin adafta na tagulla da nake ɗaurawa, kuma in zan sha iska a wurinsu ina tsaye a kai, saboda injinsu na mota ne kafin ka ce kwabo ya wuce ma'aunin da aka rubuta a gefen taya. Sarƙa 9,000, kuma a yi hankali akwai jabu da yawa cikin kwali mai kyau. Robar birki da wayoyi 6,000, kuɗin aikin Baba 8,000, ya wanke boris ya sa giris ya daidaita sifok da giya. Da na haɗa da kuɗin mota da abincin ranar kasuwa, wajen 12,000, lissafi ya kai 260,000, adashi ya ƙare har na ɗora. Hular kwano, fitilar gaba da ta baya, makulli da famfo sai da albashi ya shigo, su ma sun ci wajen 41,000. Kenan keken 175,000 sai da ya haura 300,000 kafin ya zama abin hawa kullum. Wannan farashin lokacin da na saya ne, kayan duk daga waje suke kuma dala suke bi, tun da aka saki naira a 2023 komai na motsi.

Yanzu ina bin layukan ciki in fito Oba Akran, cikin rabin awa ina shago, ko da gosulo ko babu. Makon farko cinyoyi da mazauni sun yi tsami, daga baya jiki ya saba. Abin tsoro a titi danfo ne mai tsayawa ba sigina da fasinja mai dirowa bai duba ba, sai kwatocin da ba murfi, sai ruwan Yuni da Yuli da ke rufe rami ka ɗauka titi ne. Ba na shiga layin da aka ware wa manyan bas-bas na BRT, ba na hawa babban titi, kuma ina ajiye riga ta biyu a jaka saboda zufa. Iskar Legas da danshi da gishiri tana cin ƙarfe, in ruwa ya dake ka ka goge sarƙa ka sa mata mai a daren, kuma ba baƙin mai na inji ba, shi yashi yake tarawa ya cinye haƙora. Wani dare ina dawowa jami'an tsaro suka tsayar da ni suka ce keken waye, na nuna hoton rasit a waya, suka haska ƙarƙashin keken suka ga lamba ta yi daidai suka ce in wuce. Ɗan arewa a kan keke mai suna da dare a Legas, ka san tambaya za ta zo, takardar nan ita ce bakinka.

Bayan na fara bin 'yan Lahadi sai wata sabuwar damuwa ta taso, masu keken tsere suna barina a baya, ni kuma raina ya fara raya min canji. Ɗaya daga cikinsu zai saida nasa mai Tiagra a 550,000, ya ba ni na ɗana. Ba zan yi ƙarya ba, daɗi gare shi, kana taka feda yana tafiya kamar ana tura ka. Amma tayar milimita 25 ce, duk ɗan rami sai na ji shi har haƙori, ga kai a sunkuye ba ka ganin danfo da kyau, ba wurin ɗaura kariyar ɗaukar kaya, kuma shi kansa mai keken ya gaya min in sarƙa ko haƙoran giya 10 suka lalace ba ya samu a kusa sai ya yi oda ya jira. Sai na koma tunanin ɗaga nawa. Na je wurin Baba nace ina so a mai da shi giya 10 a sa birkin faifai mai mai. Ya ajiye sifana yace "ɗana zauna." Giya 8 zuwa 10 ba haƙoran baya kaɗai ba ne, sai an canza abin dannawa na hannu, mai canza giyar baya da sarƙa, saboda sarƙar 10 ta fi siranta. Birkin faifai kuma bodina da fok ba su da kunnen da ake ɗaura shi, wilin ma sai an canza, kaga an sayi wani keken kenan a ɓoye. Ya ƙara da cewa birkin mai na Shimano man kansa gare shi, akwai wanda ya kawo masa nasa bayan wani makanike ya zuba masa man birkin mota, robobin ciki suka kumbura birkin ya mutu gaba ɗaya. Sarƙar giya 8 kuwa tana aiki a 6 da 7 da 8, ko'ina akwai ta, robar birkina ma haka. Na yi lissafi na ga gudun da nake nema na safiyar Lahadi ne kawai, sauran kwana shida aiki keken yake kai ni. Abin da na canza a ƙarshe haƙoran baya ne, don ƙaramin cikinsu ya fara tsallake da sabuwar sarƙa, 12,000, sai sirdi mai ɗan faɗi, robar hannu, madigadi da kariya. Waɗannan ƙananan abubuwan kullum nake jin amfaninsu. Ra'ayina keken tsere na biyu ne, mai hali ya saya ya ajiye don Lahadi, amma kar mutum ya saida na zuwa aiki don shi.

To ga wanda zai bi wannan hanyar, fara sanin girmanka kafin ka san sunan kowane kamfani, domin sirdi da taya da sarƙa duk ana canzawa amma bodin da ya fi ka ko ya yi maka kaɗan ba shi da gyara. Ka raba kuɗinka tun a gida, in 300,000 gare ka kar ka taya keken da ya wuce 180,000 ko 200,000, sauran gyara da hula da fitila da makulli za su cinye, kuma hular da fitilar ba ado ba ne a titin Legas. Ka tambayi mai gyaran unguwarku abin da yake iya gyarawa da kayan da ake samu kusa, sannan ka sayi keken da ya dace da amsarsa, in da hali ka biya shi ya raka ka. Ƙura da tsohuwar taya kar su kore ka, su ne ma ke sauke maka farashi, abin gudu tsaga ne da lanƙwasa da sandar sirdin da ta kafe. Ka je a ranar aiki da sassafe, Asabar cika ake yi kuma 'yan kasuwa ba sa sauraron tayi. Ka tafi da fedoji, famfo, alanki mai lamba 4 da 5 da 6, sifana 15 ta ɗaura feda, tsumma da waya mai caji, ka tuna fedar hagu juyinta a baibai yake. Ka riƙe tsabar kuɗi kaɗan na la'ada da ƙofa da kujerun mota. In ka kawo shi gida kuma wilinsa irin mai cirewa da hannu ne, duk inda za ka ajiye ka zura makulli ta cikin bodi da wili ka haɗa da ƙarfen da ke kafe a ƙasa, ni a shago ma ciki nake shigar da shi bayan kanta, maigidana ya amince tunda ba ya tare hanya.